Shin maganin ciwon ƙirjin Baba ne yake cin tsokar zuciyarsa?

"Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, muna zaune a Unguwar Rimi a nan Kaduna. Babanmu yana da shekara 68, yana da hawan jini, kuma shekara biyu ke nan da likita ya ɗora shi a kan Isordil, miligiram 10 sau uku a rana, saboda ciwon ƙirji da yake taso masa in ya yi 'yar tafiya. Yana sha ƙarfe 6 na safe, 2 na rana da 10 na dare. Ina cikin neman bayanin aikin makaranta sai na ci karo da wani bincike da ya ce magungunan da suke sakin iskar naitirik oksaid suna kashe ƙwayoyin tsokar zuciya. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, ga shi kuma kwanan nan Baba yana cewa maganin ba ya yi masa aiki kamar da. Shin maganin ne yake cin zuciyarsa? Mu daina ba shi?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya sa albarka a karatunki. Kafin na shiga dogon bayani, ga abin da ya fi gaggawa: kada ku yanke masa maganin nan da kanku, ko da na kwana ɗaya ne. Dalili zai zo a gaba.

In na fahimce ki daidai, abu biyu kika ƙulla a tambaya ɗaya. Kina so ki san ko gubar da masu bincike suka gani a ɗakin gwaji tana faruwa a ƙirjin dattijon da yake shan Isordil a gida, sannan kina so ki san me ya sa maganin ya yi sanyi. Binciken da kika karanta ba ƙarya ba ne, na karanta irinsa da dama. Sai dai ni abin da ya tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne lokutan nan da kika lissafa, 6 da 2 da 10. Za mu iso wurin, amma sai mun bi ta inda tsoronki ya faro.

Daga nakiya zuwa ƙarƙashin harshe

Dangin magungunan nan sun tsufa. A 1847 wani masanin sinadarai ɗan Italiya, Ascanio Sobrero, ya haɗa naitirogilisarin a birnin Turin. Da ya ɗanɗana ɗan kaɗan a harshe, ciwon kai mai tsanani ya sare shi. Alfred Nobel ne ya mayar da wannan ruwa nakiyar fasa duwatsu, ya yi rajistarta a 1867, kuma daga nan dukiyar da ake raba kyautar Nobel ta samo tushe. A 1879 wani likita a Landan, William Murrell, ya wallafa cewa ɗigon ruwan yana kwantar da ciwon ƙirji. Shi kansa Nobel da ciwon zuciya ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa, wannan maganin likitocinsa suka rubuta masa. An shekara kusan ɗari ana ba da maganin ba a san ta inda yake bi ba, sai a shekarun 1970 da 1980 aka gano cewa a cikin jiki yana komawa iskar naitirik oksaid, kuma jikin ɗan Adam da kansa yana ƙera wannan iska. Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad ne aka bai wa kyautar Nobel a 1998 a kan wannan aiki.

Shimfiɗar da ke cikin kowace jijiyar jini tana sakin iskar kaɗan kaɗan. Sai ta ratsa zuwa tsokar da ta naɗe jijiyar, ta tayar da wani inzayim, wato sinadarin jiki mai hanzarta sarrafa wasu sinadarai, da yake samar da sinadarin da ake kira cGMP, shi kuma ya sa tsokar ta saki, jijiya ta buɗe. Ki riƙe sunan nan cGMP, za mu sake haɗuwa da shi. Isordil, wanda ainihin sunansa aisosobaid dainaitiret, ya fi buɗe jijiyoyin da suke mayar da jini zuwa zuciya. Jini sai ya ɗan dakata a ƙafafu da ciki, abin da ke komowa zuciya ya ragu, buƙatarta ta iskar oksijin ta yi ƙasa. Kamar jaki ne yana hawan tudu aka rage masa rabin mangala. Tudun yana nan, jakin ma bai ƙara ƙarfi ba, amma ya samu sa'ida. Wannan shi ne aikin maganin, kuma iyakarsa ke nan: ba ya kankare kitsen da ya ƙuntata jijiyar.

Abin da ke faruwa a cikin faranti

Yanzu ga binciken naki. Masu irin wannan aiki sukan ɗebi ƙwayoyin zuciyar jariran ɓeraye, ko wani jinsin ƙwayoyi da ake renonsa a ɗakunan gwaji mai suna H9c2, wanda asalinsa daga zuciyar tayin ɓera ne. Sai su shimfiɗa su a ɗan faranti, su zuba musu maganin da yake sakin iskar, su bar su awanni ko kwana guda, su dawo su ƙirga waɗanda suka mutu. Kuma suna mutuwa, babu gardama.

Yadda suke mutuwar ya kamata ki fahimta tunda aikinki ne nan gaba. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya ba hutu, don haka wajen kashi ɗaya cikin uku na kowace ƙwayar tsokarta cike yake da maitokondiriya, wato murhun da ake ƙona abinci da oksijin a samu ƙarfi. A ƙarshen wannan murhu akwai wani inzayim, saitokurom oksidas, wanda shi yake karɓar oksijin. Naitirik oksaid tana iya zama a mazaunin oksijin ɗin ta hana shi shiga. In kaɗan ce, tana tashi ta ba shi wuri, har ma jiki yana amfani da hakan wajen daidaita wutar murhun. In ta yi yawa kuma ta daɗe, murhu ya fara hayaƙi, yana zubo da wani gurɓataccen nau'in oksijin da ake kira sufa'oksaid. To a nan ne ɓarnar take. Da zarar naitirik oksaid ta gamu da sufa'oksaid, nan take suke haɗewa su zama feroksinaitirait, wanda tun 1990 Joseph Beckman da abokan aikinsa suka ja hankalin masana a kan ta'adinsa. Shi wannan ba ya tashi ya ba da wuri. Yana ƙona kitsen da ya yi wa ƙwayar katanga, yana lalata furotin, yana karya sarƙar gado ta DNA. Ƙwayar ta ƙarar da ɗan ƙarfin da ya rage mata wajen gyara, bangon murhun ya ɓule, sai ta kunna tsarin da Allah ya halitta mata na kashe kanta in ta lalace. Abin da ya sa masana suke ɗaukar wannan da nauyi shi ne tsokar zuciya ba ta mayar da gurbi kamar fata ko hanta. Wani bincike daga Cibiyar Karolinska ta Suwidin a 2009 ya nuna cewa wajen kashi 1 cikin 100 kawai na ƙwayoyin suke sabuntuwa a shekara ga mai shekara 25, kuma ga mai shekara 75 bai kai rabin haka ba.

Ba a faranti kaɗai wannan yake faruwa ba. Mai cutar da ƙwayoyin cuta suka mamaye masa jini, jikinsa da kansa yake kwararo iskar nan ba ƙaƙƙautawa, jininsa ya faɗi, zuciyarsa ta yi laushi. Duk wanda ya yi kwanan ɗakin gobe da nisa ya ga haka.

Amma fa faranti daban, ƙirji daban. Yawan maganin da ake zuba wa ƙwayoyin nan sau da yawa ya ninka abin da yake yawo a jinin mai shan ƙwaya sau ɗaruruwa ko dubbai, domin mai bincike so yake ya ga ɓarnar ƙarara ya gane hanyarta. A faranti babu jajayen ƙwayoyin jini, alhali a jiki su ne suke lashe iskar cikin ƙiftawar ido. Babu hanta, babu ƙoda, babu kwararar jinin da za ta wanke abin da ya taru. Sannan su waɗannan ɗakunan gwaji ɗin sun nuna cewa in aka ba ƙwayoyin zuciya iskar 'yar kaɗan kafin a hana su oksijin, ta kan kare su daga mutuwa. Gishiri ne: miya ba ta daɗi sai da shi, in hannu ya zarce kuma ba mai iya sha.

Akwai wani abu da nake so ki koma ki duba a takardar da kika karanta, wato wane magani suka zuba. Ina kyautata zaton za ki tarar sodiyam naitiropurusaid ne, don shi aka fi amfani da shi a irin wannan gwaji. In shi ne, to labarinsa daban yake da na Isordil.

Wanda gubarsa take a bayyane

Kowane ƙwayar sinadarin naitiropurusaid yana ɗauke da sinadarin ƙarfe guda ɗaya a tsakiya, naitirik oksaid ɗaya, da sayanaid har guda biyar. Sayanaid ba baƙo ba ne gare mu, shi ne gubar da ke cikin rogo mai ɗaci, wanda ya sa iyayenmu suke jiƙa shi kwanaki su shanya kafin a ci. Inzayim ɗin nan na ƙarshen murhu shi yake toshewa, kuma toshewa mai tsanani. Don haka in ƙwayar zuciya ta mutu a farantin da aka zuba wannan magani, ba za a ɗora wa iskar laifi ita kaɗai ba, sayanaid da ƙarfen ma suna da hannu.

Naitiropurusaid ba ƙwayar sha ba ne, ta jijiya ake ɗura shi a ɗakin kulawa ta musamman, ga wanda jininsa ya hau har yana neman taɓa ƙwaƙwalwa ko ya tsaga babbar jijiya. Hanta tana da inzayim mai suna rodanis da yake mayar da sayanaid ɗin wani sinadari mai sauƙin guba, ƙoda ta fitar da shi a fitsari. Muddin ana ɗura shi a hankali na ɗan lokaci, jiki yana iyawa. In aka matsa masa, ko aka kwana biyu uku ana yi ga mai raunin hanta ko ƙoda, guba ta taru. Shi ya sa ƙa'ida ta ce mafi girman awonsa, maikirogiram 10 ga kowane kilo na nauyin jiki a minti ɗaya, ba a wuce minti 10 a kansa. Haske ma yana ruguza shi, don haka ake naɗe ledar ruwan da abin da zai kare ta. Na taɓa shiga zagayen safe a wani asibiti da na yi aiki, na tarar an rataye ledar tsirara kusa da taga, ruwan da ya kamata ya zama ruwan ƙasa mai haske ya fara komawa shuɗi. Muka cire muka zubar. Ba mugunta ba ce, babu wanda ya taɓa nuna wa yarinyar da ke bakin aiki. Ke da za ki riƙe irin wannan leda wata rana, in kin ga launinta ya koma shuɗi ko kore ko ja mai duhu, kada ki bari ta shiga jikin mutum. In kuma majinyacin da ke kanta ya fara sambatu, numfashinsa ya yi sauri, ko jininsa ya ƙi sauka duk da ana ƙara maganin, ki kira likita a take. A nan ƙasar ba kasafai ma muke samun sa ba, mun fi dogara da labetalol da haidiralazin.

Isordil ba shi da sayanaid ko ɗaya a jikinsa.

To a jikin mutane me aka gani? An yi manyan gwaje-gwaje biyu a kan waɗanda suka samu bugun zuciya. Na farko a Italiya, GISSI-3, an wallafa shi a 1994 da mutum wajen 19,000. Na biyu ISIS-4, a 1995, da mutum sama da 58,000. An ba wasu magungunan naitiret, wato dangin Isordil da naitirogilisarin, na makonni, wasu ba a ba su ba. Maganin bai rage mace-mace yadda aka yi fata ba, bai kuma ƙara su ba. Da a ce yana kashe tsokar zuciya a awon da muke bayarwa, da cikin wannan ɗimbin jama'a an gani. A 2004 kuma wani gwaji a Amurka, A-HeFT, ya ɗauki baƙar fata 1,050 masu gazawar zuciya, aka ƙara wa rabinsu irin maganin Baba haɗe da haidiralazin a kan magungunansu. Mutuwa ta ragu da kashi 43 cikin 100, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Wannan haɗin muna amfani da shi a nan, ciki har da mata masu cikin da zuciyarsu ta gaza, waɗanda ba a ba su irin su lisinofiril saboda jariri. Mu da muke tsakanin Kaduna da Zariya da Kano mun san yawan matan da zuciya take kayar da su dab da haihuwa ko bayanta.

Duk da haka ba zan wanke maganin tas ba. Gwaje-gwajen farko na makonni ne, Baba kuwa shekara biyu yake sha. A 2015 wani gwaji ya nuna cewa masu wani nau'in gazawar zuciya, wanda tsokar take matsawa da kyau amma ta sandare ba ta saki, da aka ba su ɗan'uwan Isordil sai zirga-zirgarsu ta yini ta ragu maimakon ta ƙaru. Ba kowace zuciya yake karɓa ba.

Me ya sa ya daina yi wa Baba aiki

Ma'aikatan masana'antun nakiya a Turai da Amurka ne suka fara koya mana wannan darasi da jikinsu. Ranar Litinin suna shiga aiki ciwon kai ya kama su saboda tururin naitirogilisarin. Kafin tsakiyar mako ya lafa, jiki ya saba. In suka huta Asabar da Lahadi sabon ya goge, Litinin ciwon kai ya dawo. Mafi muni, wasu da suka shekara da shekaru a aikin, a ranakun hutun ne ciwon ƙirji yake kama su, har akwai waɗanda suka faɗi suka mutu, domin jijiyoyin da suka saba da abin da yake buɗe su sun tsuke da aka janye shi farat ɗaya. Kin ga dalilin da na ce kada ku yanke masa.

Sabon nan yana shiga da wuri, cikin kwana ɗaya zuwa biyu in maganin bai bar jini ba dare da rana. Jiki yana mayar da martani, ya riƙe ruwa da gishiri, ya saki sinadaran da suke tsuke jijiya. Bangon jijiyar kuma ya fara zubo da sufa'oksaid ɗin nan da muka ambata, wanda yake cinye iskar ya mayar da ita feroksinaitirait. A nan ne binciken da kika karanta ya taɓo gaskiyar asibiti. A 2002 aka gano cewa wani inzayim na cikin maitokondiriya, ALDH2, shi yake sarrafa naitirogilisarin ya fitar da amfaninsa, kuma in aka yi ta ba da maganin ba hutu, inzayim ɗin da kansa yana gajiya ya tsaya. Shi kuwa yana da wani aikin, shi ne mai kwashe dattin sinadaran da suke taruwa a tsokar zuciya in jini ya yanke mata. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun nuna a 2011 cewa ɓerayen da aka jera wa naitirogilisarin ba ƙaƙƙautawa, da aka toshe musu jijiyar zuciya, tsokar da ta mutu ta fi ta waɗanda ba a ba su ba yawa. A ɓera aka gani, kuma Isordil bai dogara da wannan inzayim kamar naitirogilisarin ba. Amma ni wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan abin da dama muke koyarwa, cewa maganin nan yana son a ba jiki hutu daga gare shi kowace rana.

Yanzu dubi lokutan Baba. Daga 6 zuwa 2 awa takwas, daga 2 zuwa 10 awa takwas, daga 10 zuwa 6 awa takwas. Ba a bar taga ko ɗaya ba. Na san yadda ake yi: an rubuta sau uku a rana, mai ba da magani ya ce duk bayan awa takwas, kamar yadda ake yi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, Baba kuma mutum ne mai kiyaye umarni. Ga mai ciwon ƙirji irin nasa, takardar maganin ta ce a bar tazarar aƙalla awa 14 babu shi a kowane kwana. Shi ya sa muke jera shi kamar ƙarfe 8 na safe, 1 na rana da 6 na yamma, wato bayan karin kumallo, wajen Azahar, da gabanin Magariba, sai kuma gobe. Na sha ganin dattawan da suka zo suna cewa magani ya mutu ko jabu aka sayar musu, muka gyara lokaci kawai ba tare da ƙara ko miligiram ɗaya ba, bayan mako biyu suka dawo suna cewa sun koma zuwa masallaci da ƙafa. Sukan ce ciwon kan da suka yi a farkon fara maganin ya ɗan dawo. Farasitamol yana isar masa, kuma yakan lafa.

Sai dai ban ga Baba ba, ban sa masa abin sauraro a ƙirji ba, kuma wasiƙa ba ta maye gurbin wannan. Gyaran lokacin ma likitansa ne zai yi, domin in ciwon yana tashinsa da dare ko da asuba, tazarar sai a mayar da ita wani lokacin, ko a tabbatar akwai wani magani da yake tsare shi a awannin hutun, kamar bisofurolol ko amlodifin. Kuma akwai wata fassarar da ta fi sabo haɗari, ita ce jijiyar ce ta ƙara ƙuntata. Ciwon da a da sai ya yi tafiya mai nisa yake zuwa, yanzu yana zuwa daga ɗaki zuwa zaure, ba abin jira ba ne. Ku kai shi cikin makon nan. A yi masa gwajin ECG, wato na lantarkin zuciya, da hoton zuciya, a duba yawan jininsa, don ƙarancin jini kaɗai yana tayar da ciwon ƙirji, a duba suga da kitse da ƙoda. Ki kuma duba ledar maganinsa ko akwai asfirin da maganin rage kitse irin su atobastatin. Su ne suke rage haɗarin bugun zuciya, Isordil sauƙin ciwo kawai yake kawowa. Na fi damuwa da dattijon da ba ya shan waɗannan biyun fiye da wanda yake shan Isordil.

Maganar da take da nauyi a baki

Akwai hanyar da maganin nan yake kashe mutum cikin awa ɗaya, kuma ba ta cikin takardar da kika karanta. Kin tuna cGMP? Jiki yana da inzayim da yake rushe shi in ya gama aiki. Maganin ƙarfin maza, sildenafil da aka fi sani da Viagra, da tadalafil da ake sayarwa da sunan Cialis, aikinsu shi ne ɗaure wannan inzayim. Naitiret yana ta ƙera cGMP, ɗayan ya hana a rushe shi, jijiyoyi su saki gaba ɗaya, jini ya faɗi warwas. Zuciyar da dama jijiyarta a ƙuntace take sai ta rasa ɗan abin da yake isa gare ta, kuma a nan tsoka take mutuwa da gaske. Ƙa'idar asibiti ita ce ba a ba da naitiret sai an awa 24 da shan sildenafil, ko awa 48 da shan tadalafil. Wanda kuwa yake kan Isordil kullum, waɗannan ba nasa ba ne sam.

An taɓa kawo mana wani magidanci cikin dare, jikinsa sharkaf da gumi, awon jininsa 70 bisa 40. Ya rantse bai sha komai ba sai maganin asibiti da wani na gargajiya. Da ƙaninsa ya koma gida ya ɗauko ledar, sai ga irin garin nan da ake tallarsa da lasifika a bakin kasuwa da tasha, an rubuta maganin basir da sanyi da ƙarin kuzari. Allah ya yi da sauran kwanansa, muka ɗaga ƙafafunsa, muka yi ta ƙarin ruwa har gari ya waye. Ba mu auna garin ba, amma yadda jininsa ya faɗi da yadda ya dawo ya sa na fi zargin an cakuɗa shi da maganin bature. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama zuma da kofi da garin ganye da aka zuba wa sildenafil ko tadalafil a ɓoye ana sayarwa da sunan na gargajiya. Mai shan bai san abin da ya haɗiya ba.

Na san wannan ba maganar da 'ya za ta yi da mahaifinta ba ce, kuma ban ce Baba yana sha ba. Amma dole wani ya faɗa masa. Ki samu ƙaninsa ko amininsa, ko ki rubuta a 'yar takarda ki miƙa wa likita kafin su shiga, shi ya san yadda zai ɗauko zancen in kin fita. Hausawa sun ce mai ɓoye ciwo, ciwo ne zai ɓoye shi, mu kuma likitoci sau da yawa kunya take hana mu tambayar dattijo, sai a taru a yi shiru.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna kayar da mutum. Zafin Maris da Afrilu a Kaduna, gudawa, ko azumi, duk suna rage ruwan jiki, sai maganin ya fi saukar da jini. In zai tashi daga kwance ko daga sujada ya yi a hankali, in ya ji jiri ya zauna ya ƙarasa sallarsa a zaune. Kafin watan Ramadan ku je a tsara masa lokutan sha. Game da ƙwayar da ake sa wa a ƙarƙashin harshe in ciwo ya taso, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na Jidda a 1997 ta ce ba ta karya azumi muddin ba a haɗiye ta ba, yana kuma iya tuntuɓar malaminsa don ransa ya natsu.

In an ba shi ƙwayar naitirogilisarin ta ƙarƙashin harshe, ta zauna a kwalbarta ta gilashi a rufe gam, kada a juye ta a ledar kemis ko a bar ta a aljihun gaban mota, domin tururi take yi ta gudu, kuma bayan mako takwas da buɗewa a sake sabuwa. Ta fesawa ta fi jure zafinmu. In ciwo ya taso ya zauna tukuna, sannan ya sa ɗaya. In minti biyar ta wuce bai lafa ba, ko ciwon ya zo yana zaune ba ya komai, ko ya haɗo da gumi da amai da haki, ko ya sauka hannun hagu ko haɓa, kada a tsaya jiran safiya ko neman mai awon jini a unguwa. A ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, in dai likita bai taɓa hana shi ba saboda gyambon ciki ko rashin jituwa da shi, a sa shi a mota zuwa sashen gaggawa mafi kusa. Daga Unguwar Rimi, Asibitin Barau Dikko bai yi muku nisa ba. Ku tafi da ledar magungunansa gaba ɗaya, har da na gargajiya, ki kuma rubuta lokacin da ciwon ya fara da lokacin da ya sha ƙwayarsa ta ƙarshe, don su ne farkon abin da za a tambaye ku a bakin ƙofa.